Farar Telbar Askale

Azumin coci yana da kwana tara Demeke ya sauka daga mota a bakin hanya, ya kama hawan dutse da ƙafa zuwa gidansu. Gwaggonsa Wude, ƙanwar mahaifinsa, ita ta kira shi a waya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Ubanka ba ya cin abinci. Ni kuma 'yata ta haihu a ƙetaren kogi, dole na je na yi mata mako biyu. Kai da ka karanta abinci a jami'a, zo ka ciyar da mutum ɗaya mu gani."

Maganar ta tsaya masa a ƙirji tun daga Addis Ababa. Shekara huɗu ya yi yana karatun kimiyyar abinci, ya ƙara biyu yana yawo da takardar shaida daga wannan ofis zuwa wancan, kuma idan zai faɗa wa kansa gaskiya, a duk shekarun nan shida bai taɓa sa loma a bakin kowa ba. Ya san sunan kowane sinadari da ke cikin ƙwayar wake, amma bai san yadda ake dafa waken ba.

Ya tarar da mahaifinsa, Zewde, zaune a rana, ya jingina da katangar dutse, lulluɓe da farin mayafi. Wata biyu da rabi ke nan da rasuwar Askale, mahaifiyar Demeke, wadda ta kwanta bayan an gama shigar da amfanin gona, ba ta sake tashi ba. A ranar addu'ar arba'in Demeke ya ga tsohon ya rame, ya ɗauka ramar makoki ce. Wannan ta yau daban ce. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, idanunsa sun faɗa ciki.

"Likita ya iso," in ji tsohon. "Wude ta kai ƙarata ke nan."

"Baba, ni ba likita ba ne."

"To me ka karanta?"

"Abinci."

"Abinci," in ji Zewde, yana jinjina kai. "Uwarka ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ta ciyar da gida shekara arba'in. Zauna, ka tare mini rana."

Ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta riga ta duba shi, ta ce gyambon ciki ne. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan tun daga safe, ya riƙa shan madara. Amma azumin nan na kwana hamsin da biyar babu nama a cikinsa, babu madara, babu man shanu, babu ƙwai, kuma ba a sa komai a baki sai an kaɗa ƙararrawar coci da ƙarfe uku na yamma. Limamin coci da kansa ya hawo har gida ya ce masa an ɗauke wa marar lafiya. Zewde ya saurare shi cikin ladabi, ya sumbaci gicciyen da ke hannunsa, sannan ya ce, "Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa karya shi ba. Askale ta tafi da nata cikakke. Ba zan je na same ta da nawa a gutsure ba."

Saboda haka sai ƙarfe uku yake haɗiyar ƙwayar. In an ajiye masa injera, wato faffaɗar wainar ƙasarsu, da miyar wake, ya yi loma biyu, barkonon ya taɓa gyambon, ya dafe ciki ya ture kwanon. Demeke ya ƙidaya kwanakin da suka rage kafin Fasika, bikin da ke rufe azumin, ya dubi hannuwan mahaifinsa, ya ga lissafin ba zai fita ba.

Kwana biyu ya yi yana roƙo, yana kawo hujjoji irin na littafi, tsohon yana kallonsa kamar mai sauraron rediyo da wani yare. A rana ta uku, da misalin ƙarfe biyu, yana zaune a ƙofar ɗaki sai ya lura da wani shiru da bai saba ji a gidan ba. Ya daɗe yana neman abin da ya ɓace kafin ya gane: ƙarar taɓarya ce. Kowace shekara, duk tsawon azumi, a daidai wannan lokaci mahaifiyarsa takan soya telba, wasu ƙananan ƙwayoyi masu mai, ta daka, ƙamshin ya cika tsakar gida, kuma kofin telbar nan shi ne abu na farko da ke shiga cikin mahaifinsa kafin kowane abinci. Sai a lokacin Demeke ya fahimci cewa ciwon ba sabo ba ne. Ya daɗe yana nan, ita ce take tare shi kowace rana, a ɓoye, da kofi ɗaya, har ba wanda ya san akwai shi.

Ya hau kan tudun da waya ke kamawa, ya kira Wude.

"Gwaggo, yaya ake yin telba?"

"Wayyo Maryamu! Shekara huɗu! Me suka koya muku a can, shan ta kawai?"

"Na san abin da ke cikinta, Gwaggo. Yin ta ne ban sani ba."

"Ai na dama masa ta kasuwa, ya shinshina ya ce warin buhu take yi. Shiga ka duba tukwanen uwarka ko ta bar ragowa. Ka bakace ta a faifai. Ka soya a kasko, wuta kaɗan, har ta fara tsalle tana ƙara. Da ka ji ƙamshi ka sauke. In ka tsaya dogon tunanin nan naka a kanta, ta ƙone ta yi ɗaci. Sai ka daka, ka dama da ruwan ɗumi, gishiri kaɗan, zuma kaɗan. Ka ji ko sai na aiko maka a rubuce?"

"Na ji."

"Kuma kada ka ƙona mini gidan ɗan'uwana."

Tun yana ɗan shekara goma Demeke bai wuce bakin ƙofar ɗakin girki ba, domin namiji ba ya shiga can, kuma mahaifiyarsa da ludayi takan kore shi. Ya sunkuya ya shiga. Komai yana nan yadda ta bar shi, har ƙyallen da take ɗaure kai da shi yana rataye a jikin ƙusa. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Babbar tukunyar telba wayam, baƙin addu'ar arba'in sun shanye. Can a kusurwa, bayan randar ruwa, ya ga wata 'yar tukunya da aka yaɓe bakinta da taɓo da kashin shanu, an zana gicciye a kai da yatsa tun yaɓen yana ɗanye. Gicciyen bai ce masa komai ba. Mahaifiyarsa a kan komai take zana shi: a kan ƙullun injera, a kan ƙofa, a goshinsa duk ranar da zai koma makaranta. Ya sa wuƙa ya fasa yaɓen.

Telba ce, fara, mai ɗan rawaya-rawaya, ba ja irin ta kasuwa ba. Ƙwayoyin sun fi riɗi girma kaɗan, suna sheƙi, kuma babu ko ɗaya da ta motse. Ba ta fi kwano ɗaya da rabi ba. Ya sa hannu, ta zame ta tsakanin yatsunsa kamar ruwa, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi a karo na farko tun isowarsa.

Ya juye ta a faifai, ya zagaya bayan ɗaki, tsakanin katanga da tarin busasshen kashin shanu, inda ba mai ganinsa. Sau dubu ya ga mata suna bakace, abin kamar wasa. Ya cilla sama, iska ta watso masa ƙaiƙayi a ido. Ya sake cillawa, faifan ya karkace, telba kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba: wajen tafi biyu suka zirare suka watsu a ƙasa. Ya durƙusa yana tsincewa, ya ga aikin banza yake yi, ƙwayoyin sun shige cikin turɓaya. Kunya ta kama shi. Ya sa ƙafa ya ja ƙasa da toka ya rufe wurin, ya tattake, don kada mahaifinsa ya zagayo ya ga ɓarnar.

Hura wutar kashin shanu ya ɗauke shi kusan awa guda, hayaƙi ya sa shi hawaye har ya rasa na hayaƙin ne ko na wani abu. Da wutar ta kama, ya yanke shawarar ba zai sha wannan wahala kullum ba, sai ya soye telbar duka, kasko uku. Daka kuwa, ya san daga karatunsa cewa garin telba ba ya jimawa, man da ke cikinsa yakan juya ya yi hamami, saboda haka tafi ɗaya kawai ya zuba a turmi, sauran ya mayar tukunya a kan zai riƙa dakawa kowace rana. Ya ji daɗin wannan dabara. Yau dai, ya ce a ransa, takardar ta yi amfani.

Ya daka har man ya fito, garin ya manne a gindin turmi. Ya dama, ya yi yauƙi. An daɗe da kaɗa ƙararrawa kafin ya kai wa tsohon kofin da hannu biyu.

Zewde ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Maƙogwaronsa ya motsa.

"Ashe ta bar ragowa," in ji shi, a hankali. Sannan ya buɗe ido. "Wa ya dama?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka shiga ɗakin girki?"

"Na shiga."

"Kada maƙwabta su ji, ba za ka samu matar aure ba." Ya sake kurɓa. "Ya yi ruwa. Uwarka takan ƙara masa kauri."

Ya shanye tas, ya sa yatsa ya suɗe gefen kofin.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Demeke ya taɓa yi da mahaifinsa. Ƙarfe biyu ya yi daka, ƙarfe uku tsohon ya sha, bayan ɗan lokaci ya gutsuttsura masa injera a cikin sauran damun, marar barkono, ya ci. Ya daina dafe ciki. A rana ta shida ya tashi da kansa ya je ya duba tumaki. Da yamma sukan zauna a jikin katanga, sai Demeke, wanda bakinsa ya saba nauyi a gaban mahaifinsa, ya samu kansa yana bayani.

"Yauƙin nan shi ke shafe cikin, ya hana abinci gogar gyambon. Man da ke cikinta kuma irin wanda ake samu a kifi ne, yana da kyau ga zuciya. Akwai abin gina jiki a ciki, shi ya sa take riƙe mai azumi. Amma sai an daka. In aka haɗiye ta ɗungum, yadda ta shiga haka za ta fita."

"Duk a littafi aka rubuta wannan?"

"Duk."

"An rubuta cewa ita aka dafa wa uwarka ranar da ka ƙi fitowa, kwana guda tana naƙuda?"

"Ba a rubuta ba."

"An rubuta cewa in saniya ta haihu mabiyiya ta tsaya, ita ake ɗura mata? Ko mai huɗa, in ya sha kofi ɗaya, sai shanun su gaji su bar shi?"

"Wannan ma babu."

"To littafin naku da saura," in ji Zewde, ya yi dariya, dariyar farko tun bayan jana'iza.

A rana ta goma sha uku Wude ta dawo, da ƙunshin soyayyen sha'ir a ka da labarin jaririya a baki. Ta ga ɗan'uwanta zaune da kofi a hannu, ta tafa. "Kai, Yaya, har kumatu! Ashe mai digirin ya iya wani abu!" Ta shige ɗakin girki don ajiye kaya.

Ihun da ta yi sai da kaji suka watse. Ta fito riƙe da 'yar tukunyar a hannu ɗaya, ɓallin yaɓen mai gicciye a ɗayan.

"Demeke! Wa ya fasa wannan?"

"Ni ne, Gwaggo. Kin ce na duba tukwane."

"Tukwanen ci na ce! Wannan iri ne! Tukunyar da aka yaɓe, aka sa mata gicciye, ai 'yar shekara shida ta san ba a taɓa ta sai ranar shuka!" Ta ɗebo kaɗan ta shinshina, fuskarta ta canza. Muryarta ta yi ƙasa. "Ka soya?"

Ba sai an gaya masa abin da wuta ke yi wa iri ba. Ya taɓa rubuta jarrabawa a kai.

Labarin farar telbar kowa a gidan ya san shi, shi ma ya sani, bai dai taɓa haɗa labarin da tukunya ba. Ranar da aka kawo Askale amarya, mahaifiyarta ta ƙulle mata tafi ɗaya a bakin ɗamara. Shekara arba'in tana shuka ta a gefen gonar sha'ir, tana bi da hannu tana zaɓen kawunan da suka fi cika, ta sussuke su daban, ta yaɓe. Matan da ta taɓa ɗibar wa, ƙanƙarar shekaru uku da suka wuce ta kashe musu nasu, suka koma wa ja ta kasuwa. Ƙauyen da aka haife ta kuwa yanzu alkama ce ko'ina.

Zewde ya dubi kofin da ke hannunsa, wanda ya riga ya sha rabinsa.

"Duka ka soya?"

"Duka, Baba."

"To. Ranar da ta yaɓe tukunyar nan ciwon tari ya riga ya kama ta. Na ce ta bari Wude ta yi mata, ta ce hannun kowa daban." Ya miƙo wa Demeke kofin. "Kwana goma sha uku ina shan gonarta, ina suɗe kofi. Karɓi."

"Yaya, shanye mana," in ji Wude. "Abin da ya faru ya faru."

"Na ƙoshi."

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi wa Demeke ciwo. Washegari da aka kawo kofin ya kau da kai. Ya ce ba fushi yake yi ba, maƙogwaronsa ne ya ƙi. Wude ta dama ta kasuwa, ya ƙi. Ya koma wa loma biyu da dafe ciki, daga baya loma ɗaya. Naman da ya fara mayarwa ya zube cikin kwana huɗu. A rana ta biyu bayan dawowar Wude hadari ya taso, ƙaramar damina ta sauka, maƙwabta suka fito da shanun huɗa suna kiran juna daga tudu zuwa tudu, Zewde ko leƙowa bai yi ba. Ya bar jikin katanga ya koma ɗaki ya kwanta, fuska ga bango.

Demeke ya zaga gidaje goma sha ɗaya yana tambayar ko akwai mai farar telba ko da cokali ɗaya. Matan suka tausaya masa, wasu suka rufe baki da mayafi suna dariya, ba wadda take da ita. Ya jiƙa tsumma, ya jera soyayyun ƙwayoyi ɗari a kai, ko wata ta tsere wa zafin kasko. Ya san ba za su tsiro ba, amma kowace safiya sai ya buɗe ya duba. Suka kumbura, suka yi yauƙi, suka fara ruɓa.

Abin da ya fi cin ransa ba jahilcin ba ne, domin jahilci ana iya yafe shi. Alfaharin ne. Ya tuna yadda ya tsaya a kan kasko yana jin kansa, yana juya aikin shekara arba'in da ludayi. Ya tuna cewa ya ga gicciyen, ya ga sawun yatsanta a cikin taɓon, har zanen fatar yatsan ya fito, kuma ya sa wuƙa a daidai wurin. Ta bar masa saƙo a rubuce da irin rubutun da ta iya, shi kuma da ya yi shekara goma sha shida a makaranta ya kasa karantawa. Yanzu abu ɗaya da cikin mahaifinsa ke karɓa shi ne abin da zuciyarsa ta ƙi, saura kuma kwana ashirin da wani abu kafin Fasika.

A rana ta tara bayan dawowar Wude, da hantsi, ya ɗauki tsumman zai je ya zubar a bayan ɗaki. Tun ranar bakacen bai sake zagayawa can ba. Ƙasa ta yi laushi da ruwan mako guda. Tsakanin katanga da tarin kashin shanu ya ga wani kore-kore, tsiro sirara masu ganye bibbiyu, a cunkushe, sun yi wani karkataccen layi kamar lauje. Ya ɗauka ciyawa ce. Har ya ɗaga ƙafa zai taka ya wuce, sai siffar layin ta tsayar da shi. Ya san wannan lanƙwasa. Haka faifan ya karkace.

"Gwaggo," ya kira. "Zo ki duba mini wani abu."

Wude ta zagayo tana goge hannu. Ta sunkuya, ta cire ɗaya, ta duba saiwar: ɓawon ƙwayar yana manne, fari. Ta yi alamar gicciye a fuskarta.

"A nan ka yi bakacen?"

"A nan."

"Ka zubar?"

"Wajen tafi biyu. Na rufe da ƙasa don kada Baba ya gani."

Ta dube shi, hawaye yana zubo mata, dariya kuma tana neman ƙwace mata. "Ka rufe da ƙasa. Ka tattake?"

"Na tattake."

"Shi ya sa kaji ba su samu ba! Kai, ɗan Askale, kai ko ɓarna ba ka iya ba, ka tashi yin ɓarna ka yi shuka!" Ta ɗaga murya. "Yaya! Yaya Zewde! Taso ka ga gonar mai digiri!"

Sai da suka kama shi, ɗaya a kowane gefe. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Demeke yana jin haƙarƙarinsa ta cikin mayafi. Da suka zagaya, tsohon ya tsaya yana kallo. Ya zame daga hannunsu ya durƙusa a cikin laka, ya kai bayan yatsansa ya shafi kan tsiron a hankali, yadda ake taɓa kumatun jariri. Leɓunansa suna motsi, ba a jin abin da yake faɗa. Su biyun suka bar shi.

Da ya ɗago, muryarsa ta zama ta manomi.

"Ya yi cunkoso. Sai an rage, amma ba yanzu ba, sai ya kai tsawon yatsa. A sari ƙaya a kewaye shi yau ɗin nan, kafin tumaki su gani. A janye tarin kashin nan baya, yana tare masa rana." Ya auna wurin da ido. "In Allah ya raya shi, wata huɗu, za a samu abin da za a yaɓe."

"Zan kula da shi, Baba," in ji Demeke.

"Kai? Kai da ka kusa take shi? Ranar da ciyawa ta fito, telbar za ka cire ka bar ciyawar."

"Ni fa?" in ji Wude.

"Ke hannunki barkono ne, ko kallon shuka kika yi sai ta ƙone."

"To sai ka tsare abinka da kanka," in ji ta, ta riƙe ƙugu. "Wata huɗu. Da loma ɗaya a rana. Mu gani ko kai za ka kori kajin ko su za su kore ka."

Zewde ya ce a kawo masa kujera da sanda. Nan ya zauna, mayafinsa duk laka, yana ba da umarni, Demeke yana jan ƙaya yana kafawa, hannuwansa suna jini bai ma lura ba. Rana ta yi sama, ta fara karkata. Tsohon ya dubi inuwar katanga.

"Demeke."

"Na'am, Baba."

"Soyayyar nan, da saura a tukunya?"

"Da saura. Fiye da rabi."

"Wadda ta soyu ba ta komawa ƙasa. In aka bar ta ta lalace, uwarka ba za ta yafe mana ba." Ya kaɗa sanda ya kori wata kaza da ta matso. "Ƙarfe biyu ta yi. Je ka daka."

Demeke ya shiga ɗakin girki, ya zuba tafi ɗaya a turmi, ya ƙara rabi. Ƙarar taɓarya ta cika gidan. Da aka kaɗa ƙararrawa ya zagaya bayan ɗaki da kofin a hannu biyu. Zewde ya karɓa, ya yi addu'a, ya kurɓa, idonsa a kan tsiron. Ya sake kurɓa.

"Yau ya yi kauri," in ji shi. Ya shanye, ya suɗe gefen kofin, ya miƙa masa. "Gutsuro mini injera a cikin sauran. Da yawa."